Sumana, Planton da Ke Faɗa wa Kwamfuta Kwanan Wata

Sumana bai iya karatu ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Amma shekara biyar cur, babu takardar da ta fita daga biro, wato ofishin kula da rijiyoyi, ba tare da hannunsa ya fara wucewa ba. Ni sunana Ado, ina gyaran kwamfuta da rediyo a bakin kasuwar Lazare a nan Yamai, kuma ni ne na raba shi da aikinsa. Da kyakkyawar niyya na yi, da dalma mai kyau, shi ya sa har yau abin yake ci mini rai.

Bazabarme ne daga wani ƙauye can bayan Walam, ni kuwa Bagobiri ne daga Tibiri. Taubasai ke nan. Tun ranar da ya fara kawo mini rediyonsa gyara muka soma zagin juna. Shi ya ce ni bawansa ne, ni na ce kakana ya sami kakansa a musayar ƙwaryar dusa, kuma an cuce mu a cinikin. Hausarsa ta kasuwa ce, yakan ce wa mace "shi", ya ce wa namiji "ita", in na gyara masa ya ce ai masu yaren ne suka cika fitina.

Ya shigo Yamai a 1974 yana saurayi, a bayan wata motar da ta kai dawar agaji ta dawo babu kaya. Shanun ubansa duk sun kwanta a farin shekarar. Bai cika sati biyu a gari ba sojoji suka karɓi mulki. Daga baya yakan ce shi bai taɓa ganin soja ya hau kujera a shekarar da rumbu ya cika ba, don haka in ya ji an sa kiɗan fareti a rediyo, sai ya aika a tambayo masa labarin gero. Ya yi ga-ruwa, ya yi dako a kasuwar Katako, ya yi wankau a bakin kogi har fatar hannunsa ta saɓule. A farin 1984 ya samu gadi a wani ƙaramin biro da Turawa ke ciyarwa, inda ake rubuta zurfin ruwan rijiyoyin ƙauyuka da yawan ruwan saman da aka yi. Bayan ƴan shekaru aka ɗaga shi zuwa planto, wato ɗan aike: ya share, ya kai takarda, ya dafa shayi, ya ɗauko ƴaƴan darakta daga makaranta. Ɗaki biyu na laka yake haya a Harobanda, ƙetaren kogi, matarsa Hawa tana sayar da kwaɗon zogale a ƙofar gida. Kullum da sassafe yana haye gada a kan kekensa, mai sarƙa mai kuka.

Duk abin da biron nan ya tara tun kafuwarsa yana cikin kwamfuta guda, tsohuwa tun ta 1995, wadda farinta ya koma launin haƙorin mai cin goro. An sayi sababbi, amma tsarin da ke riƙe da labarin rijiyoyin ya ƙi zama a cikinsu. Ita kaɗai ya sani.

To, kowace kwamfuta tana da ɗan agogo a cikinta, da ɗan ƙaramin batir da muke kira pil, wanda ke riƙe mata kwanan wata da wasu lambobin da take gane kayan cikinta da su, ko an kashe ta. A 2005, shekarar fara da yunwa, pil ɗin wannan ya mutu. Daga ranar, duk lokacin da aka kunna ta sai ta farka kamar tsohon da ruɗewa ta kama, ba ta san rana ba, ba ta san inda ta ajiye rijiya ko ɗaya ba. Masu gyara uku suka buɗe ta, suka nemi pil mai kama da kwabo da suka saba gani, ba su same shi ba, suka ce wannan ba ta da shi, suka rufe.

Aka yi sa'a wani Bature ya biyo ta Yamai, wanda ya san irinta. Ranar Juma'a da rana ya zo biron, ma'aikata duk sun tafi masallaci, daga can kuma kowa ya zarce gida kamar yadda aka saba. Sumana kaɗai ya dawo, don shi ke da makulli. Baturen jirginsa da yamma zai tashi. Sai ya zaunar da planto a kujerar darakta, ya nuna masa yadda ake shiga wani shuɗin allo mai rubutun Ingilishi, a sa rana, a sa awa, a sa lambobin, a fita. Dannawa talatin da wani abu. Suka maimaita har sau goma sha biyu, Bature ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Sumana bai san sunan maɓalli ko ɗaya ba. Lambobi kawai yake ganewa. Hannunsa ne ya haddace, kamar yadda hannun mai kalangu ke haddace kiɗa: na kusurwa, na ƙasa sau biyu, babba na dama. Ranar yana samunta daga kalandar kantin magani da yake hudawa da ƙaya kowace safiya, awa kuwa daga rediyo. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke sau huɗu a yini, wanda a bazara ba abin mamaki ba ne, sau huɗu za a ƙwala masa kira.

Za ka ce me ya hana wani ya koya. Girman kai ne, ba komai ba. Mutanen da suka yi karatu a Dakar da Wagadugu ba za su ja kujera su zauna kusa da mai dafa musu shayi yana cewa "a'a, ba nan ba" ba. Darakta Oumarou ya taɓa gwadawa sau ɗaya, ya rufe ƙofa ya yi shi kaɗai, injin ya yi ta kuka kamar ɗan akuya har aka kira Sumana. Tun daga nan aka yanke cewa wannan aikin ƙananan ma'aikata ne.

A watan Fabrairun 2010, ranar wata Alhamis da rana tsaka, aka ji harbi daga wajen fadar shugaban ƙasa. Damina ta riga ta ci amana a shekarar da ta wuce, saboda haka Sumana bai yi mamaki ba. Washegari gari ya yi tsit, shi kuwa ya hau kekensa ya haye gada. Rediyo ba ta faɗin awa, sai kiɗan fareti, don haka ya leƙa agogon wani sojan da ke tsaye a mahaɗar hanya, ya riƙe awar a kansa yana ƙara mintoci har ya iso. Babu wanda ya zo aiki ranar, amma injin ya san ranar Juma'a ce.

Alherin da sojoji suka yi mana shi ne sun yarda a faɗi kalmar yunwa a fili, wadda a da sai dai a ce "ƙarancin abinci". Turawan da ke ciyar da biron kuwa suka ce ba su hulɗa da kaki, suka ɗaure bakin jaka. Aka fara rage ma'aikata. Direba ya tafi, sakatariya ta tafi, masu auna rijiya biyu masu takardun jami'a suka tafi. Aka bar darakta, da mataimakinsa, da Sumana. Kowa a biron ya san dalilin barinsa, ban da shi. Shi a ganinsa shekara ashirin da shida da ya yi ana duba wa, da ragunan sunan ƴaƴan darakta da ya feɗe da hannunsa.

A ƙarshen watan Mayu ya zo rumfata, ya jingine keke, bai zage ni ba. Nan na san da magana.

Wansa ya rasu a ƙauye da rani. Samarin gidan duk sun tafi cin rani Kwatano da Akara, ba su da abin dawowa. Saura mata da tsofaffi da yara. Sumana ya riga ya aika musu da irin gero buhu guda, amma shuka a wajensu sai da namiji a gaba yana sara rami da sungumi, mata na biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa, kuma dole a gama cikin kwana biyu ko uku bayan ruwan farko mai ƙarfi, kafin ƙasa ta bushe. In ba a shuka ba, baki goma sha ɗaya za su sauko Harobanda, ɗaki biyu. Ya nemi hutun sati uku. Darakta ya ce da son ransa ne da ya ba shi, amma wa zai tada injin?

"Bawana," ya ce, "kai kana gyaran ordinater. Zo ka duba wannan. In ya iya tashi da kanshi, patoro zai ba ni konje." A bakinsa ordinater kwamfuta ce, patoro darakta, konje kuwa hutu.

Na tambaye shi kamannin injin da shekarunsa, na gane ciwon. Na kuma gane abin da zai biyo baya, don ni ba yaro ba ne. Na ce masa, "Sumana, ka saurare ni da kyau, yau ba wasa nake ba. Kai ne pil ɗin injin nan. In na sa mishi wani, mi za su yi da kai?"

Ya yi dariya har da buga cinya. "Bagobiri da mugun zato. Patoro ɗana ne. Ya zo biron nan ko gemu bai yi ba."

"Direban ma ai ya san shi tun ba gemu."

"Direba ya cika surutu." Ya dubi sama wajen arewa, inda babu ko ɗigon girgije. "Ko da gaskiyarka, Ado, gona ba ta jira. Ka zo."

Na so in ce ban iya ba. Ƙarya ɗaya da ta wadatar. Amma masu gyara uku sun kasa, kuma ni na san inda pil ɗin yake ɓoye, ga shi ina da irin zuciyar nan da ba ta iya ganin abu a lalace ta wuce. Ba zan ɗora wa tausayi duka ba, akwai son a sani a ciki.

Ranar Asabar da hantsi na je. Darakta Oumarou ya zo da kansa, cikin shadda mai sitaci, ya karɓe ni hannu bibbiyu. Mutumin da shekara biyar ya hana kowa taɓa injin, yau ko tambayar inda na koyi aiki bai yi ba. Wannan saurin yardar ma kaɗai ta isa ta sa in maida kayana jaka. Ban mayar ba.

Na kwance murfin. Ƙura ta yi kauri kamar bargo, a kusurwa ga busasshiyar tsaka da ƙwanta biyu, Allah kaɗai ya san tun mulkin wa take nan. Wanda ya ƙera injin nan bai yi niyyar wani ɗan Adam ya kai ga agogonsa ba. Sai da na cire akwatin wuta, na cire kejin da ke riƙe da faifan ajiya, na zare wayoyi tara ina ɗaura wa kowace zare mai launi don kada in ruɗe, sannan na fito da babban koren farantin da komai ke manne a kansa. A can gefe, inda keji ya rufe, ga wani ɗan baƙin dunƙule kamar ƙwayar sukari biyu a haɗe, da hoton agogo a bayansa. Pil ɗin yana cikinsa, an zuba masa baƙin ƙaro an daskarar, an kuma like ƙafafunsa da dalma. Ba a buɗe shi, ba a kuma samun sabo a Yamai.

Abin da ake yi shi ne a goge gefensa da magagari a hankali, har a tarar da ƴan ƙarafa biyu da ke zuwa ga mataccen pil, a yanke ɗaya, a jona wayoyi biyu a fito da su waje. In ka zarce da kaurin farce, ka kashe agogon gaba ɗaya, injin ba zai ƙara tashi ba. Na yi kusan awa ina gogewa ina hurawa, gumi na sauka daga hancina, Sumana na riƙe da tsumma yana tarewa kada ya ɗiga a kan farantin. Darakta na tsaye a kaina yana tambaya ko akwai hatsari. Na ce masa akwai, in ana yi mini magana.

Ƙarfen ya fara ƙyalli ke nan, na ɗauki abin narka dalma, kuran ya ɗauke. Sumana ya fita ya shigo da murhun shayinsa. Muka sa bakin ƙarfen cikin garwashi, yana fifita da murfin kwali, in ya yi zafi in ɗauka in ɗiga dalma, in ya huce in mayar. Haka muka jona wayoyin nan biyu, ja da baƙa. Na sa musu gidan pil a ƙarshe, na manna shi a bangon akwatin daga ciki, kusa da murfi, inda ko makaho zai lalubo. Na tsaya na kalli aikin, kuma ba zan ɓoye ba, ya burge ni.

La'asar ta yi kafin wuta ta dawo. Na mayar da komai wurinsa. Sumana ya goge hannu a riga, ya zauna a kujerar, ya yi bisimilla, yatsunsa suka bi hanyarsu. Rijiyoyi suka fito. Na kashe injin, na zare waya daga bango, muka sha shayi kofi ɗaya, na mayar na kunna. Ya yi ƙara ɗaya gajere ya wuce kai tsaye, da rana daidai, da awa daidai, bai nemi kowa ba.

Sumana ya fi kowa murna. Ya kama hannuna yana girgizawa yana cewa ashe bayi ma suna da amfani. Darakta ya ce masa ya tafi ko gobe, ya gaida mutan gida, kada ya damu da komai.

Ya yi kwana ashirin da huɗu. Ruwan ya yi jinkiri, ya zauna jira, sannan ya sauko a daren wata Talata, suka shuka gonar wansa da tasa cikin kwana uku, shi kaɗai a gaba da sungumi, yana da shekara hamsin da biyar. Ya dawo ya yi baƙi, ya rame, dugadugansa sun tsage, yana ta fara'a. Daga biron kai tsaye ya zo rumfata da ambulan a hannu, ya ce patoro ba ya nan, mataimaki ne ya miƙa masa, in karanta masa.

Na karanta a zuci tukuna. Faransanci ne mai ladabi ƙwarai. An gode masa bisa doguwar hidima da riƙon amana, an yi baƙin cikin halin da ƙasa ke ciki, an ce ya miƙa makulli ƙarshen wata. Na fassara masa ban rage komai ba. Ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu, ya zauna a kan bencina. Raina ya ɓaci, kuma rabin fushin da kaina nake.

Na ce, "Makulli na hannunka har ƙarshen wata. Ka buɗe mini gobe da safe. Waya ɗaya zan cire, ko minti ba zan yi ba. Jibi za su neme ka da kansu."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Ni na kawo ka. In ya lalace, za a ce Sumana ya kawo wanda bai iya ba. Ko a ce Sumana ya ci amana da makulli." Ya girgiza kai. "Shekara ashirin da shida ko cokalin shayi bai ɓata a hannuna ba. Kala suru, Ado. Sai haƙuri."

Can ya ɗago ya tambaye ni, shi wannan pil ɗin, yana kai wata nawa kafin ya mutu.

Na gane abin da yake lissafawa, na kuma ji kunya ta rufe ni. Akwai pil na kasuwa da ake sayarwa a jere a kan kwali, wanda da ƙyar yake shekara. Akwai kuma wani ɗan Japan guda ɗaya da na daɗe ina ɓoyo a gwangwani, ina jiran aikin da ya cancance shi. Shi na sa. Don aikin taubashina ne, ban so a ce na yi masa algus ba.

Na ce, "Shekara bakwai. Wataƙila takwas."

Ya dube ni, ya ce, "Kai dai Allah ya shirye ka," ya ɗauki kekensa.

Geron ya yi kyau a shekarar, baki goma sha ɗayan nan ba su sauko ba. Sumana ya koma gadi, a wani kangon gini a unguwar Bobiyel da mai shi ke zaune a Faransa, yana kwana tsakanin bulo da buhunan siminti. Sojoji suka miƙa mulki, Turawa suka kwance bakin jaka, biron ya ɗauki sabon direba da sabuwar sakatariya da wani matashin planto mai babur. Shi ba a tuna da shi ba. Duk da haka in sallah ta zo yakan je gaida Oumarou, kafin ya fito kuma sai ya tambaya ko injin na tashi lafiya. A ce masa lafiya lau. Ya zo ya faɗa mini, kamar albishir yake yi.

Ya rasu a watan azumin 2017, bayan gajeriyar jinya. Muka kai shi, na dawo na buɗe rumfa.

Bayan babbar sallah wayata ta yi ƙara. Sabon daraktan biron ne, don Oumarou ya samu ci gaba zuwa ma'aikatar gwamnati. Ya ce tsohon injin ya tashi da safe bai san rana ba, bai ga rijiya ko ɗaya ba. Sun ga inda pil yake, sun canja da kansu, abin ba wuya, amma har yanzu yana neman wasu lambobi. An ce masa akwai wani dattijo da ya san su, kuma ni na san inda yake zaune.

Na ce masa Sumana ya rasu tun da azumi. Ya ce Allah ya jiƙansa, sannan ya tambaye ni ko ya bar lambobin a rubuce.